AKWATIN SITIYARI BA WURIN NEMAN ARAHA BA NE

A kasuwannin ƙauye da yawa, musamman inda kwalta ba ta kai ba, har yau akan ga tsohuwar Land Rover tana shigowa ran kasuwa, buhuna a ciki, mutane bisa buhuna, kaji da awaki a gefe. Ita ke kai taki gona da bazara, ita ke kwaso masara da dawa da kaka. In kuwa naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, ƙofar mai ita a ke bugawa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da direban irin wannan mota ya ga abu guda: ko a miƙaƙƙiyar hanya hannunsa ba ya hutawa, yana ta kaɗa sitiyari dama da hagu kamar mai tankaɗe, don dai motar ta tsaya bisa hanya. In an tambaye shi sai ya yi dariya, ya ce ai halin tsohuwa ke nan. To, wannan ba hali ba ne, ciwo ne, irin wanda kan ci rai.

Masu motoci sun kasu biyu a kan wannan ciwo, kuma dukansu suna kuskure. Akwai mai gaggawa, wanda da ya ji sitiyari ya yi lako-lako sai ya ce a canja akwati, ya zuba kuɗi, ya dawo ya tarar ciwon na nan. Akwai kuma mai ƙwauro, wanda akwatinsa ya mutu murus, amma ya ce a ƙara ɗaure shi, a ɗan yi masa walda, ya ƙara kai shi wata kakar. Na farko dukiyarsa ya ɓata. Na biyu kuwa ran mutane ya sa a caca. Abin da ya kamata shi ne a bincika sosai kafin a taɓa akwatin, in kuma bincike ya nuna lalle ya ƙare, a fitar da shi ɗungum a sa lafiyayye, ba tare da neman araha ba.

TSUFAN DA IDO BA YA GANI

Asalin wannan mota don manomi aka yi ta. Kamfanin Rover na garin Solihull a Ingila shi ya ƙera ta, aka fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam na ƙasar Holan ran 30 ga Afrilu, 1948. Babban mai tsara motocin kamfanin, Maurice Wilks, yana da gona, yana kuma aiki da wata jif ta sojan Amurka a cikinta, daga nan tunanin ya zo. Da ya ke ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikinta da alminiyam. Aka fito da samfuri na biyu a 1958, aka gyara shi a 1961, aka fito da na uku a 1971, wanda aka daina yi a Ingila a 1985. Watau ko autar cikinsu ta kai shekara 40 a duniya.

Alminiyam ɗin nan shi ke ruɗin mutane. Ba ya tsatsa kamar baƙin ƙarfe, saboda haka in an wanke motar aka shafa mata fenti sai ta fito tsaf, mai saye ya zaga ta ya ce da sauranta. Amma abin da ke juya ƙafafunta baƙin ƙarfe ne, yana ƙarƙashi inda taɓo da yashi ke zama, kuma shekara da shekaru yana shan gargada. Ga shi kuma babu wani abin da ke taimakon direba wajen juya sitiyarin waɗannan tsofaffin, ƙarfin damtsensa ne kaɗai ke bi ta cikin akwatin ya isa ƙasa. Doguwar da aka saba gani, mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, kayan da aka ƙayyade mata bai kai tan ɗaya ba, watau bai kai buhu 10 masu kilo 100 ba. Kowa ya san abin da a ke ɗora mata ya fi haka nesa.

YADDA LINZAMIN YA KE

Sitiyari ga mota kamar linzami ne ga doki, sai dai tsakanin hannun direba da ƙafar mota akwai 'yan aike da yawa. Sandar da sitiyari ke kai ta gangara ta shiga wani ɗan akwatin ƙarfe da ke cike da mai. Ƙarshen sandar nan murɗaɗɗe ne kamar ƙusa mai zare, an sa masa wani babban noti, tsakaninsu kuma an jera 'yan ƙwallayen ƙarfe masu santsi, suna birgima suna kewayowa. In direba ya juya sitiyari, sai notin ya hau ko ya sauka, ya tura wata gajeriyar sanda da ta fito ta gefen akwatin. A bakin gajeriyar sandar nan aka kafa wani hannun ƙarfe mai kauri da ke lilo gaba da baya. Aikin akwatin ke nan duka: ya mai da juyin hannu ya zama turi mai ƙarfi.

Daga hannun nan wata sanda ta miƙe zuwa gaban mota, ta kama wani ɗan turmi da aka dasa cikin ƙarfen da ya gitta a gaba. Turmin yana da hannu a sama da hannu a ƙasa, shi ke karɓar turin ya juya shi gefe. Daga hannunsa na ƙasa sanda ta biyu ta ƙetara ta kama ƙafar ɗaya gefen, sa'an nan sanda ta uku ta haɗa ƙafafun gaba biyu don su juya tare. Kowace sanda tana da gaɓa a kowane baki, watau gaɓoɓi 6 ke nan. Bayan su akwai gwiwoyin da ƙafafun gaba ke juyawa a kai, da boris na taya, da ƙusoshin da suka riƙe akwatin kansa. Tsohuwar Toyota Land Cruiser, samfurin da aka yi daga 1960 zuwa 1984, ita ma tana da irin wannan ɗan tsakiya a gaba, saboda haka yawancin maganar nan ta shafe ta.

A BAR DUKAN TAIKI

Mai karatu ya duba yawan wuraren nan. In kowace gaɓa ta ci kamar kaurin farce, kafin a tara su duka a kawo ga sitiyari sai su zama taƙi guda. Direba kuwa abin da ke hannunsa ya sani, sai ya ce akwati ne. Makaniki marar tsoron amana ba zai musa masa ba, da ya ke canja akwati ya fi canja gaɓa kawo kuɗi. Ta haka a ke barin jaki a dinga dukan taiki.

Binciken kuwa ba ya cin ko kwabo. A tsai da motar a wuri mai tauri, ƙafafu a ƙasa suna kallon gaba sak, a kashe inji, a sa duwatsu a tayoyin baya. Mutum ɗaya ya zauna ciki yana kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali, ɗaya kuma ya tsuguna yana bin ƙarafan da ido ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora tafin hannu bisa kowace gaɓa. Gaɓar da ta ci za ta yi ɗan tsalle, ko a ji ta tana ƙwas-ƙwas a hannu. A dubi turmin nan, ko hannunsa na sama yana motsi na ƙasa bai bi shi nan take ba, ko shi kansa yana girgiza cikin raminsa. A dubi akwatin, ko yana rawa bisa mazauninsa, don sau da yawa ƙusoshinsa ne suka kwance, ko ƙarfen da ya riƙe shi ya tsage. Sa'an nan a ɗaga gaban motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, don a ji boris da gwiwa. Sai in sitiyari yana juyawa hannun akwatin bai motsa ba, a nan ne kaɗai za a ce laifin na cikin akwati.

Akwai ma'auni ga mai son ma'auni. A Ingila, inda aka ƙera motar, masu duba lafiyar motoci kowace shekara ba su yarda wasan sitiyari mai akwati ya wuce milimita 75 ba, watau inci 3, in faɗin sitiyarin inci 15 ne. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba ma'aunin lafiya ba. Mai mota ya ɗaura ɗan zare a bakin sitiyarinsa, ya auna nisan da ya ke tafiya kafin taya ta motsa. In ya wuce faɗin yatsu huɗu, motar ba ta cancanci ɗaukar ko akuya ba, balle ɗan Adam.

Ko da an tabbata daga akwati ne, da sauran abu biyu kafin a yanke masa hukunci. Na farko mai. Akwatin da turmin duka man giya su ke sha, mai lamba 90, irin wanda a ke zuba wa akwatin giya. Da yawa sun shekara goma ba wanda ya buɗe murfinsu. Waɗansu kuma, da sun ga robar da ke tare mai ta lalace yana ɗiga, sai su cusa giris su rufe. Giris ba ya kwarara. Murɗin sandar zai ture shi gefe, ya bar ƙwallayen suna cin juna a bushe. Gyaran ɗiga shi ne a canja robar. Amma kada wanda bai sani ba ya ce zai farke turmin nan, gama akwai wata waya mai tsalle a matse cikinsa, mai ƙarfin gaske, wadda in ta kuɓuce tana iya fasa fuska.

Na biyu, a gefen akwatin akwai wata 'yar ƙusa ta daidaitawa, da notin da ke kulle ta. An yi ta don a rage ɗan wasan da amfani ke kawowa. Ana taɓa ta ne ƙafafu na kallon gaba sak, a murɗa kaɗan kaɗan har wasan ya ɗauke, a kulle, sa'an nan a ɗaga gaban motar a juya sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ya tafi sumul babu inda ya cije, an dace, akwatin yana da sauran kwana.

IN YA ƘARE YA ƘARE

Amma in an rage wasan tsakiya sai ya cije a gefe, in an sassauta don gefe sai tsakiya ta koma lako-lako, to, magana ta ƙare. Dalili kuwa shi ne, mota ta fi tafiya a miƙe, saboda haka tsakiyar murɗin ita ke fara cinyewa, gefe yana nan da kaurinsa. Babu ɗaurin da zai mai da ƙarfen da ya riga ya tafi. Haka nan in ana juya sitiyari ana jin gurus-gurus kamar an zuba tsakuwa, ko man da ya fito ya zama ja da tsatsa ko yana ƙyalli da garin ƙarfe, ko gajeriyar sandar tana girgiza cikin raminta, ko haƙoranta sun murɗe bayan an daki kututture ko an faɗa rami, ko jikin akwatin ya tsage. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa.

A nan ne mai ƙwauro kan shiga uku. Sai a ce a ƙara ɗaure ƙusar nan tamau. Ranar farko direba ya ji sitiyari ya yi tauri, ya ce an gyara. Amma sitiyarin da aka ɗaure haka ba ya komowa da kansa bayan an sha kwana, ga shi kuma an matse ƙwallayen da suka riga suka ci, wata rana ɗaya ta fashe ta toshe hanya, sitiyari ya ƙage a tsakiyar kwana. Wani kuma hannun akwatin ne ya lanƙwashe, sai a gasa shi da wuta a miƙe shi, ko haƙoransa sun cinye sai a liƙe shi da walda. Wuta tana sāke halin ƙarfe. Hannun da aka gasa yana iya yin wata shida lafiya, sa'an nan ya karye kamar rake ba tare da ya yi ko ƙara ba. Mai walda gwani ne a kan garma da ƙofa da amalanke, kuma ba a raina sana'arsa, amma kayan sitiyari ba a kai masa.

Mai mota zai ce, ai magana ce mai sauƙi ga wanda ba aljihunsa za a taɓa ba. Gaskiya ne akwati yana da tsada, kuɗin mai ya hau, fasinjan ƙauye kuma ba ya biya da yawa. Zai kuma ce shi ba ya gudu, hanyarsa ma ba ta gudu ba ce. To, a yi lissafi. Motar da ke tafiyar mil 30 a awa tana cin ƙafa 44 kowace daƙiƙa. Hanyar burji da gadar katako ba su kai rabin haka faɗi ba. Kafin direba ya gane abin da ya faru ya kai ƙafa ga birki, an riga an bar hanya. In birki ya ƙi, akwai giya, akwai birkin hannu, akwai tudun da za a nufa. In inji ya mutu sai a sauka a tura. Sitiyari kaɗai ne ba shi da mataimaki. Waɗanda ke zaune bisa buhuna kuwa ba su da abin riƙo, kuma ba wanda ya yi shawara da su sa'ad da aka zaɓi walda.

Ko ta wajen kuɗin ma ƙwauron bai biya ba. Motar da sitiyarinta ke yawo tana cin tayoyin gaba ta gefe, tana gajiyar da direba, tana kuma lalata sababbin gaɓoɓin da aka sa mata. In ta kwanta a daji da buhunan tumatir ko barkono ɗanye, hasarar yini biyu ta isa sayen akwati. In kuwa ta kife, ga kuɗin asibiti, ga kayan mutane da za a biya, ga sunan da ya ɓaci a tasha. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

WAJEN SAYE

Wanda ya yi niyyar saye ya fara sanin gefen da sitiyarinsa ya ke. A Nijeriya an bar tuƙi ta hagun hanya aka koma dama ran 2 ga Afrilu, 1972, Gana kuma ta bi a 1974. Motocin da aka shigo da su kafin nan sitiyarinsu na dama, na bayan nan na hagu, kamar na Nijar da Kamaru da Cadi. Akwatin dama ba ya hawa motar hagu, ko da ya ke in an ajiye su a ƙasa sun yi kama ƙwarai. Kan sandar ma iri biyu ne: akwai tsohon yayi wanda a ke matse sitiyari da ƙusa ta gefe, akwai na baya wanda a ke ɗaure shi da noti ta sama. Hanyar da ba ta ɓata ita ce a ɗauki tsohon a tafi da shi, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko wajen 'yan kayan mota na Maraɗi da Damagaram, a ajiye su gefe da gefe a gwada tsawo da ramukan ƙusa.

Na hannu ba laifi ba ne in an san abin da a ke dubawa, gama sau da yawa tsohon ƙarfe na asali ya fi sabo na jabu. Amma fenti ba shaida ba ne. Mai saye ya kama sandar ya juya ta da yatsu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ya ji ko akwai inda ta cije ko ta yi gurus-gurus. Ya girgiza gajeriyar sandar. Ya dubi haƙoranta ko a miƙe su ke. Ya dubi ƙusar daidaitawa: in ta nutse har ta kusa ɓacewa cikin notinta, an riga an shanye akwatin. Ya ce a buɗe murfin gefe ya ga cikin da idonsa, in ya ga ramuka ƙanana kamar zanzana bisa murɗin, ya ajiye. Ɗan kasuwar da ya hana a buɗe ya riga ya ba da amsa. Su kuma 'yan kasuwa, ya kamata su bambanta kayan sitiyari da sauran kaya. Wanda ya sayar da fitila marar kyau an yi masa tsiya an wuce. Wanda ya wanke mataccen akwati ya shafa masa baƙin fenti yana da hannu cikin abin da zai biyo baya.

WAJEN ƊAURAWA

Aikin na makaniki ne, amma mai mota ya tsaya a kai, ya kuma san abin da zai hana. A cire wayar batir tukuna, gama wayar ham da ta fitilar kwana suna jikin sandar. A tokare motar da ƙafafun ƙarfe ko kututture mai kauri, kada a dogara ga jak kaɗai, kada kuma a sa bulo na siminti, don yakan fashe ba zato. Hannun akwatin yana kama gajeriyar sandar ƙam, akwai kuma wata maƙata ta ƙarfe mai murɗi da a ke zaro shi da ita a hankali. Makanikin da ba shi da ita ya aro. In ya ɗauko babbar guduma ya ce zai buga, a tsai da shi, musamman wajen mai da hannun bisa sabon akwati, gama kowane bugu yana sauka ne a kan ƙwallayen ciki.

In an shigar da sabon, kada a ɗaure ƙusa ko ɗaya tamau sai an jera su duka, na ƙasa da na sama wajen gaban direba, an ga sandar ta zauna da kanta ba tare da an tanƙwara ta ba. In akwai rata a cike ta da washa, kada a ja ta da ƙarfin noti. Sandar da aka ɗaure a tanƙware takan sa sitiyari nauyi, ta kuma ci sabon akwati cikin 'yan watanni. Sa'an nan a juya sandar daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana ƙirga zagaye, a raba biyu, a tsai da ita a tsakiya, ƙafafu kuma na kallon gaba, kāna a sa hannun bisa alamar da aka yi masa. In ba a yi haka ba sai motar ta riƙa shan kwana sosai ta gefe ɗaya, ta kāsa ta ɗayan. A tabbata kuma ƙusoshin da ke tsai da ƙafafun gaba su ke tare juyin kafin akwatin ya kai ƙarshensa, in ba haka ba duk kwanar da aka sha akwatin ne ke shan dukan.

Kowane noti na kayan sitiyari yana da abin kulle shi, ko washa mai kunne da a ke lanƙwasawa, ko 'yar ƙusa mai baki biyu da a ke turawa ta rami a buɗe bakinta. A sa sababbi. Ƙusar kafinta da guntun waya ba su maye gurbinsu. A cika mai lamba 90, a cika na turmin ma. Daga nan a auna ƙafafun gaba: a waɗannan tsofaffin, tazarar da ke tsakaninsu ta gaba tana ƙasa da ta baya da milimita 1.2 zuwa 2.4, watau kamar kaurin tsinken ashana. A gwada motar babu kaya babu fasinja, a fili, a hankali. Bayan mako guda ana aiki a komo a sake bin ƙusoshin da sufana, a duba ko mai na ɗiga.

LOKACIN YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan aiki shi ne da rani, bayan an gama kwashe amfanin gona, kuɗi na hannu, hanya ta bushe, motar kuma tana iya kwana uku a gareji ba wanda ya yi hasara. Wanda ya bari sai ruwa ya sauka, taki na jira, zai karɓi duk abin da aka miƙa masa a kasuwa, ya kuma yarda da duk dabarar da aka kawo masa don motar ta fita yau. Da damina kuma, duk ran da aka ratsa rafi ruwa ya kai cikin mota, a duba man akwatin, in ya yi fari kamar kunu ruwa ya shiga, a zubar a sāke.

Direba yana da nasa rabon. Ya bar murɗa sitiyari mota na tsaye da kaya, ya bari ta ɗan motsa tukuna. Ya bar danne shi a ƙarshen juyi. In ƙafa ta faɗa kwari ko ta maƙale a taɓo, a haƙa a fitar, kada a ce za a murɗo ta da ƙarfin mutum biyu. Manyan tayoyin da suka wuce ƙa'ida suna ƙara wa akwatin nauyi, ko da sun yi kyan gani. In kuma ya ji wani sabon motsi ya faɗa wa maigida tun da wuri, maigida kuwa kada ya ɗauki wannan a kan neman kuɗin cefane.

Inda motar ta ƙungiyar manoma ce, akawun ƙungiya ya buɗe mata shafi a littafinsa: ranar da aka duba mai, ranar da aka auna wasan sitiyari da abin da aka samu, ranar da aka canja gaɓa ko akwati da inda aka saya. Ya riƙa ware wani abu daga kuɗin kowace jigila don irin wannan rana. Manoma da 'yan kasuwa masu hawa su ma suna da baki. In sun ga direba yana tankaɗe da sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, su yi magana a tasha a gaban shugabannin direbobi, in ba a gyara ba su ba wata motar kayansu. Mai mota yakan jure faɗan makaniki, amma ba ya jure ganin buhuna suna hawa motar maƙwabcinsa.

Tsofaffin motocin nan sun yi wa ƙauye aikin da ba a iya biya, kuma da ya ke an ƙera su don a riƙa kwancewa ana gyarawa, suna iya ƙara shekaru masu yawa. Kujera ta yage a ɗinke, ƙofa ta ɓalle a ɗaure da igiya, fenti ya koɗe a bar shi, duk wannan talauci ne, ba abin kunya ba. Amma abin da ke tsakanin hannun direba da ƙafar mota, a bincika shi da idon basira, a ba shi mai, in ya ƙare a sāke shi tun rani bai wuce ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya da kayansa.